Abin da Kawu Ya Gani a Kufena

Shekara talatin da huɗu ina Zariya,
ina hango Kufena ta tagar mota
kamar maƙwabcin da ake ɗaga wa hannu
ba a taɓa shiga zaurensa ba.
Sai ran Asabar Barira ta kafe:
"Baba, biran littafinmu ba sa motsi.
Ka kai ni in ga mai numfashi."

Muka biya Tudun Wada muka ɗauki Kawu Tanimu,
shi da sandarsa da yanar idonsa.
Na ce, "Kawu, me za ka gano?"
Ya ce, "Kai dai biya kuɗin keke."

Ta Wusasa muka bi. Ruwa ya kwana yana zuba,
dawa ta fid da kai, ta ɗara mu tsawo,
laka ta karɓe wa Barira takalmi ɗaya
sai da muka roƙe ta da kara.

Daga nesa dutse sumul yake, kamar bayan ƙwarya.
A kusa kuwa duk tsaga ne da gansakuka,
da cediyar da ta cusa saiwa cikin falale
tana shan abin da ban san inda take samu ba.
Na hau, na zame, na sake hawa,
gwiwata tana lissafa mini shekaruna.

"Ku tsaya," in ji Kawu. Muka tsaya.
"Kazar dutse ce, su uku, can hagu.
Mai gunagunin nan hasbiya.
Wannan shirun da ya faɗo yanzu,
shirwa ce ta gitta."
Na ɗaga kai. Ga ta kuwa,
tana yanka iska, ko fiffike ba ta kaɗawa.

Rema ya fito bakin kogo shan hantsi,
ya yi mana duban mai gida
ga ɗan hayan da wata ya ƙare masa.
Jan gwada na ta gyaɗa kai,
ya yarda da duk abin da ba a faɗa ba.

Biri fa? Har azahar babu biri.
Sai amon guduma daga gindin dutse,
masu fasa tsakuwa na cika tifa.
Kawu ya ce, "A da, in ka ajiye hula a nan
sai ka fanso ta da gyaɗa.
Yanzu dutsen da kansa ake kwasa
a kai Samaru a yi daɓe."

Daga can sama Zariya tafin hannu ce:
rimaye, kwanon rufi mai tsatsa,
ganuwar da ta gaji ta zauna,
Kubanni kamar zaren da tela ya yar.
Na nemi shagona,
inda nake tada jijiyar wuya a kan naira ɗari biyu.
Ban same shi ba.

Muka yi alwala a kwarmin da ruwa ya kwanta,
talibambam na watsewa daga tafina.
Kawu ya ja mu, dutse da ɗumi a goshi.

Da na sallame, ledar ayaba ba ta nan.
Barira ta toshe baki da hannu biyu,
idanu sun cika mata fuska.
"Ta zo, Baba. Ja ce,
da ɗanta maƙale a cikinta.
Ta dube ni. Yatsunta irin nawa."
"Me ya hana ki kira ni?"
"Ai kuna salla."

Kawu ya yi dariya har da tari.
"Tun raka'a ta biyu na ji sawunta.
Kai a ganinka don me na daɗe a sujada?"

La'asar sakaliya muka gangaro da yunwa,
Barira a gaba, tana ja wa Kawu sanda,
suna ta gardama a kan tsawon wutsiya.
Mu uku muka hau.
Mai yana ya gani, 'yar shekara tara ta gani.
Ni mai ido biyu garau
na tsinci ɓawon ayaba a bakin tsaga,
na juya shi, na sake juyawa,
na sa a aljihu.